Tsohuwar A-kori-kura: A Tashe Ta Ko A Sayar A Kilo?



In kana yawon kasuwanni tsakanin Magariya da Dantchiao da Dungas, ba shakka ka sha ganinta. Tana nan bayan danga, ko gindin darbejiya a ƙofar wani gida. Tayoyinta sun nutse cikin rairayi, kaji suna ƙwai a gidan direba, yara sun mai da bayanta wurin wasa. Tsohuwar a-kori-kura ke nan, Peugeot 404 ko 504, wadda muke kira Fijo, wasu kuma su ce bashe saboda tamfol ɗin da ake rufe bayanta da shi. Wataƙila ma a gidanku take, tun zamanin mahaifinka.

Masu sayen tsohon ƙarfe suna zagaya ƙauyuka da ma'auninsu. Wata rana za su tsaya ƙofar gidanka, su yi maka tayi a kilo. Ranar nan kana da zaɓi biyu. Ko ka karɓi ɗan abin da suka bayar, su sassare ta da gatari a gabanka, ko ka ce a'a, ka ɗaura niyyar tashinta. Kowanne yana da haɗarinsa. In ka sayar da mai sauran rai, ka yi asarar abin da zai kai maka wake da riɗi kasuwa shekaru masu yawa. In kuma ka zuba kuɗin kaka cikin wadda ta riga ta mutu, ka yi asarar kuɗi da lokaci, har ma ana iya asarar rayuka ranar da ta karye a hanya da mutane a bayanta. Don haka ka karanta wannan bayani a natse kafin ka yanke shawara.

Asalin wannan mota

Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa, wanda babbar masana'antarsa ke garin Sochaux, shi ya fito da 404 a shekarar 1960. A 1967 ya fito da mai buɗaɗɗen baya don ɗaukar kaya. An ƙera 404 sama da miliyan 2,8 a duniya, kuma a ƙasar Kenya an ci gaba da harhaɗa ta har 1991, shekaru da yawa bayan an daina a Turai. A tseren motoci na Safari da ake yi a gabashin Afirka, kan hanyoyin ƙura da laka, 404 ta zo ta ɗaya a 1963 da 1966 da 1967 da 1968.

Ƙanwarta 504 ta fito a 1968, mai buɗaɗɗen bayanta kuma a 1979. A nan kusa da mu, an buɗe masana'antar Peugeot a Kakuri ta Kaduna a 1975, aka yi shekara kusan 30 ana harhaɗa 504 a can. Wannan shi ne dalilin da ya sa har yau ba a rasa kayanta a kasuwannin arewacin Najeriya. Ka tuna kuma tun watan Afrilu na 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama kamar mu. Saboda haka motocin da aka yi musu bayan wannan lokaci sitiyarinsu a hagu yake, irin namu, kayansu suna shiga namu.

Me ya sa makanikai suke son ta? Domin ba ta da ɓoyayyen abu. Injin mai man fetur na 404 silinda 4 ne, lita 1,6, a kishingiɗe gefe guda, hannu yana isa ko'ina. Akwai kuma mai gazuwal, lita 1,9, wanda ake kira Indenor. Babu na'ura mai ƙwaƙwalwa a cikinta. Silindodinta ba a jikin inji aka huda su ba. Bututu ne da ake zarewa a sa sabo, makanikanmu suna ce masa shemiz. Ka ga ke nan injin da ya gaji ana sabunta shi da sabbin bututu da fistin da zobba, ba sai an jefar ba. Bayan motar kuwa a kan sifirin mai falle-falle yake zaune, wanda ake iya sake masa falle in ya karye.

Abin da ya kwantar da yawancinsu ba mutuwa ba ce, tsadar gyara ce. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kayan da ake shigo da su suka ninka kuɗi. Daga baya motocin Japan na hannu suka cika kasuwa. Mai mota ya ajiye ta don wani ƙaramin ciwo, yana cewa sai bayan kaka, kaka ta bi kaka har shekara ashirin. Irin wannan ita ce ake cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Lissafi kafin aiki

Kafin ka taɓa sifana, ɗauki takarda da alƙalami, ko ka kira ɗanka ɗan lakwal ya rubuta maka. Amsa waɗannan tambayoyi da gaskiya.

Buhu nawa kake fitarwa a shekara, kai da ƴan uwanka? Nawa kuke biya kowane buhu zuwa Magariya, ko Maigatari ranar Alhamis, ko kasuwar Dole ta Damagaram mai nisan kusan kilomita 100 daga Magariya? Nawa ne bambancin farashi tsakanin abin da ɗan kasuwa yake ba ka a bakin rumbu da abin da za ka samu in kai ka kai kayanka? Da rani akwai rake da rogo da tumatir na fadamun Korama, akwai takin gida da ake kai wa gona, akwai dabbobin kasuwa. Wannan aikin zai ishi mota ta yi ta juyawa, ko wata uku za ta yi aiki ta kwanta wata tara?

Sai ka dubi ɗaya gefen. Tsohon inji mai kafireto ya fi na zamani shan mai. Ko da yake matatar SORAZ tana aiki kusa da Damagaram tun 2011, mu mutanen bakin iyaka mun daɗe muna dogara da man da ke ƙetarowa, kuma tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 wannan araha ta wuce. Ka sa kuɗin mai, da taya, da asiransi, da direba in ba kai za ka tuƙa ba.

In lissafi ya nuna amalanke da shanu biyu sun ishe ka, to, ka tsaya nan, babu abin kunya. In kuma ya nuna mota za ta biya kanta, ga sharaɗi ɗaya: kada ka taɓa iri, kada ka taɓa cimakar gida, kada ka sayar da shanun huɗa. Da rarar kuɗi ake tashin mota. In ƙarfinka bai kai ba, ku haɗu ku uku ko huɗu, ko ƙungiyarku ta manoma ta ɗauki aikin. Amma ku rubuta abin da kowa ya zuba, da yadda za a raba riba da asara, a gaban maigari da shaidu.

Binciken da zai raba gardama

Kada kyan fenti ko muninsa ya ruɗe ka. Ƙofa da madigadi da murfin inji duk riga ce, ana sakewa. Abin dubawa shi ne ƙashin motar. Wannan mota ba kamar babbar gingimari take ba, wadda ake ɗage bodi a bar shasi shi kaɗai. Gidan direba da gaban motar a haɗe suke da ƙarafan da suka miƙe ƙarƙashin baya. Saboda haka wani kwanon da kake gani kamar na ado ne, shi ne yake riƙe da motar.

Ka haƙe rairayin da ya binne ta, ka jawo ta fili mai tauri. Ka ɗaga ta, ka tokare da guntayen icce masu kauri. Kada ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak shi kaɗai, kada kuma ka tokare da tubali ko bulo, suna fashewa ba gargaɗi. Sa'an nan ka ɗauki ƙaramar guduma da tsinken ƙarfe, ka duba wurare biyar:

1. Dogayen ƙarafa biyu na ƙarƙashi, daga gaba har baya. Ƙarfe mai lafiya yana amsa guduma da ƙara mai kaifi. Ruɓaɓɓe yana yin ƙara kamar ka bugi ƙwarya, tsatsa tana zubowa.

2. Inda sifirin na baya yake rataye. Nan ne lodi da gargadar hanya suke fara tsaga ƙarfe.

3. Cikin ɗakin inji, dama da hagu, inda kan ƙafar gaba yake ɗaure. In nan ya tsage ko ya ruɓe, ƙafa tana iya ɓullowa sama ana cikin gudu.

4. Gindin batir, domin ruwan batir yana cin ƙarfe.

5. Daɓen gidan direba, da dokin ƙofa, da inda marfin ƙofa yake rataye.

Ka auna kuma da igiya daga tsakiyar ƙafar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, sa'an nan ka sake aunawa ta ɗaya gicciyen. In tsawon bai zo ɗaya ba, motar ta taɓa haɗari ta murɗe. Irin wannan tana tafiya a karkace kamar kare, tana cin taya, kuma gyaranta ya fi ƙarfin gida.

Ga wata dabara: ka sami maganaɗisu daga tsohuwar lasifikar rediyo, ka bi jikin motar da shi. Inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe ba ne a wurin, mastik ne aka cika rami da shi aka shafe da fenti.

In tsinke ya huda dogayen ƙarafan nan a wurare da yawa, ka haƙura. Ko a nan ma kada ka sayar a kilo tukuna. Inji da giya da ƙafar baya da gilashi da fitilu, in ka sayar ɗaya-ɗaya ga masu irin motar, sun fi kuɗin ƙarfe nesa. In kuwa ƙashin yana da lafiya, to, sauran aiki haƙuri ne.

Kwancewa da tsarin aiki

Lokacin wannan aiki shi ne bayan an gama shigar da amfanin gona, don a ƙare kafin ruwan farko. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kafa rumfa, ka shimfiɗa tsofaffin buhuna a ƙasa, domin noti in ya faɗa cikin rairayi ya tafi ke nan.

Kwana biyu ko uku kafin ka fara, ka riƙa ɗiga gazuwal a kan kowane noti don ya saki. Duk abin da ka kwance, ka sa notinansa cikin gwangwani dabam, a rubuta sunansa. Ka ɗauki hoto da wayarka kafin ka cire kowace waya ta lantarki. Kada ka jefar da tsohon kwano ko da ya ruɓe, shi ne ma'auninka in ka je sayen sabo.

Ga tsarin da ya kamata: ƙashi da farko, sai birki da sitiyari, sai inji, sai kwanon jiki, fenti a ƙarshe. Mutane da yawa suna juya wannan tsari. Su fara da fenti don a ce sun yi mota, kuɗi ya ƙare kafin a kai ga birki.

Injin da ya daɗe a kwance kada ka tashe shi da batir haka kawai. Ka cire buji, ka zuba ɗan mai cikin kowane silinda, ka bari ya kwana biyu, sa'an nan ka juya shi da hannu a hankali. Ka zubar da tsohon baƙin mai, ka wanke tanki da lagireto, ka duba wayoyin da ɓera ya ci. In makaniki ya cire kan inji, kada a juya injin sai an danne bututun silinda, in ba haka ba suna ɗagowa, daga baya ruwa ya riƙa gauraya da mai. Birki kuwa ba wurin tsimi ba ne. Robobinsa da tiyonsa da ruwansa duk a sake su, ko da a ido suna da kyau. Taya ma haka: akwai lamba huɗu a gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tsohuwar taya mai tsagewa a gefe ba ta ɗaukar lodi cikin zafin bazara.

Kwano iri uku

Yanzu mun zo kan kwanon jikin mota, wanda masu gyara suke kira tol. Hanya uku ce ake samunsa.

Na farko, cirarre daga wata motar da ta mutu. Wannan shi ne na ainihi, kuma ya fi kowanne zama daidai. Ana samunsa wurin masu tsofaffin kayan mota a Damagaram da Maraɗi, da kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna. Da yawa daga kayan gaban ƙaramar 404 ko 504 ta fasinja suna shiga a-kori-kura mai lamba ɗaya da ita. Amma na 404 ba ya shiga 504. Aibin cirarre shi ne yana iya zuwa da tasa tsatsar a ɓoye. Ka tafi da maganaɗisunka, ka duba bayan kwanon da gefunansa na ƙasa.

Na biyu, sabo na kwaikwayo. Wannan ba Peugeot ya buga shi ba, wasu masana'antu ne suke kwaikwayon siffar. A Turai, inda waɗannan motoci suka zama kayan tarihi har aka buɗe musu gidan ajiya a Sochaux a 1988, masu sha'awa da irinsa suke gyara nasu. Yana zuwa sumul, ba tsatsa, ba lotsawa. Amma ka san abu uku game da shi. Ɗaya, kaurinsa ba ɗaya ba ne. Kwanon jikin mota na kirki yana kusa da milimita 1. Akwai na kwaikwayo da bai kai haka ba. Ka ɗaga shi da hannu ɗaya, ka ɗaga tsohon naka da ɗaya hannun. Ka danna tsakiyarsa da babban yatsa. In ya lotsa ya dawo da ƙara kamar gwangwani, ka bar shi. Araha ba ta ado. Biyu, ramukan noti ba kullum suke faɗawa daidai ba, sai an gyara. Uku, baƙin fentin da yake zuwa da shi sau da yawa na tsaron hanya ne kawai. Ka goga tsumma mai tina a kai. In baƙin ya biyo tsumma, sai an kankare shi duka kafin a yi fenti.

Na uku, bugun hannu. Mai gyaran bodi, wanda muke kira toliye, mutanen Najeriya kuma suke cewa fanal-bita, yana iya yanko faci daga rufin wata matacciyar mota ya buga shi ya ɗauki siffa. Daɓen gidan direba da daɓen baya da dokin ƙofa duk ana yin su haka, kuma in hannun ya ƙware sun fi na kwaikwayo ƙarko. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne kwanon rufin ɗaki. Ya yi siriri ƙwarai, kuma hayaƙin da yake fitarwa in wuta ta taɓa shi yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Wanne za ka zaɓa? Ƙofa da murfin inji, ka nemi cirarre. Madigadi na gaba, wanda da noti yake ɗaure ba da walda ba, na kwaikwayo mai kauri ya isa. Daɓe da faci, bugun hannu. Wuraren da suke riƙe da mota kuwa, ƙarfe mai kauri irin na wurin, a hannun gwanin walda.

In za ka ƙetara iyaka sayayya, ka tafi da tsohon kayan a hannu, domin suna yana bambanta: abin da muke ce wa buji, can fulogi ne. Ka sayi duk abin da kake bukata a tafiya ɗaya in da hali. Mun ga yadda aka rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa a 2023 har cikin 2024. Wanda ya bar aikinsa rabi yana jiran ƙofa ɗaya ya san abin da ya gani. Ka karɓi rasit a kan kowane kaya, ka bi ta duwan. Kayan da ba a san asalinsa ba, ko da kyauta ne, kada ya shiga gidanka.

Ɗaurawa da walda

Kada a yi wa kwano fenti sai an gwada shi a jikin mota. A fara rataya ƙofofi, a daidaita su da gidan direba har su riƙa rufuwa da turawar yatsa biyu. Sa'an nan madigadi ya bi ƙofa, murfin inji ya bi madigadi. A sa notina sako-sako, a matsa nan a ja can, har tazarar da ke tsakanin kwano da kwano ta zo ɗaya daga sama har ƙasa, kamar milimita 4 ko 5. In rami bai faɗa daidai ba, a faɗaɗa shi da zarto. Kada a ja kwano da ƙarfi a ɗaure. Wanda aka ɗaure a takure gargada za ta tsaga shi cikin wata kaɗan.

Wurin faci, a yanke ruɓaɓɓen ƙarfe duka har a kai ga fari mai ƙyalli. Facin da aka ɗora a kan tsatsa kamar miki ne aka rufe da tsumma, yana ci daga ciki. Siririn kwano ba ya son zafi mai yawa. A ɗiga walda nan, a tsallaka can, a bari ya huce, a dawo. Wanda ya ja wuta a miƙe zai tarar kwanon ya lanƙwashe.

Ka ji wannan da kyau. Kafin a kunna wuta kusa da mota, a cire tankin mai a kai shi nesa, a cire batir. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, domin tururin da ya rage shi ne yake fashewa. A ajiye bokitin rairayi da na ruwa a kusa. A nisanci danga da rumbu da tarin harawa. A kori yara, kada su kalli hasken walda. Tukunyar kabayit kuma ta zauna nesa da wuta. Bayan an tashi aiki, a dawo a duba ko wani abu yana cin wuta a ɓoye.

Tsatsa da fenti

Za ka ce ƙasarmu busasshiya ce, ina tsatsa ta fito? Daga kayan da muke ɗorawa. Takin zamani da gishiri da kanwa da fitsarin dabbobi, su ne suke cinye daɓen baya. Sai kuma rairayin da yake maƙalewa a lungu, ya jiƙe da damina ya daɗe bai bushe ba. A ƙarƙashin kowace ƙofa akwai ƙananan ramuka na fitar ruwa. Ka buɗe su da tsinke, kada mai fenti ya toshe su.

A kankare tsatsa da burushin ƙarfe da samfefa har ƙarfe ya yi fari, a goge ƙura da maiƙo, a shafa jan fenti na maganin tsatsa ran nan, kada a kwana. A shafa ciki da waje, har bayan kwanon da ido ba ya gani. Mastik na share ƙananan tabo ne, kada kaurinsa ya wuce milimita 3. Mai kauri yana tsagewa ya faɗo.

Ranar fenti a zaɓi safiyar da iska ta kwanta. In hazon hunturu ya sauko, a dakata. A yayyafa ruwa a ƙasa, a kewaye rumfa da tabarmi, mai fesawa ya rufe hanci da baki. Shafi uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Farin fenti ko mai haske ya fi dacewa da ranarmu, gidan direba ya fi sanyi. In an gama, ka shimfiɗa katako ko tsohuwar roba a daɓen baya, ka riƙa wanke shi duk ranar da ya ɗauki taki ko dabbobi. Tsohon baƙin mai kuma kada a zubar kusa da rijiya ko lambu.

Takardu da lodi

Akwai lambar shasi da aka buga a jikin mota, da ƙaramin allo mai ɗauke da ita. Ka nemo wurin tun kafin a fara aiki, ka nuna wa mai walda, kada ya yanke ko ya rufe. Wannan lamba dole ta dace da ta kartagiris. In motar gado ce, a daidaita da sauran magada kafin ka kashe ko dala. In lambar waje gare ta, ka fara zuwa duwan. In ka sake mata launi ko inji, ka tambayi ofishin sufuri abin da doka ta ce. Sa'an nan asiransi, da bizit, da lasisin direba. Motar da ba ta da takardu ba ta wuce shingen jandarma, komai kyanta.

Saura magana ɗaya, ita ce lodi. An yi wannan mota ta ɗauki wajen tan 1, wasu na farko ma ba su kai haka ba. Buhun hatsi mai tiya 40 kilo 100 ne. Ke nan buhu 10 ya cika ta. In ka ɗora mutane, ka rage buhu. Mun san ana loda mata ninkin haka tana tafiya, amma birkinta bai ƙaru ba, kuma ƙarfen da ya shekara 40 ko 50 yana aiki ba shi da juriyar sabo. Makon farko ka gwada ta ba kaya, a hanyar da ba mutane. Ka sake ɗaure notina duka, ka leƙa wuraren walda ko akwai tsaga. Daga nan ka fara da rabin lodi zuwa kasuwa mafi kusa.

To, ɗan uwa, ka ji bayani. Ranar da masu ma'auni suka yi sallama, ka ce su dawo bayan mako guda. Cikin makon nan ka ɗauki gudumarka da igiyarka da maganaɗisunka, ka kira makanikin da ka amince da shi, ku duba wurare biyar ɗin nan tare. Ka karanta wa maƙwabcinka da bai iya karatu ba, ku tattauna a dandali. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai mu kasuwa lafiya, ya dawo da mu lafiya.